Ɗan Mahauci a Garken Aladu

A cikin duk hanyoyin da ɗan Adam ya taɓa buɗewa a bayan ƙasa, kama daga titin jirgin da Turawa suka hawo da shi duwatsun Jos don kwasar kuza, har zuwa mashigin da aka haƙa a Masar don jiragen ruwa su huta da zagaye, babu wadda ta kai darajar wata 'yar ƙofa da ke ƙasan tumbin kowane mutum, inda abinci yake fita ya shiga hanji. Faɗinta bai wuce babban yatsa ba. Ba ta cikin darasin tarihi, ba a taɓa gayyatar kowa bikin buɗe ta ba. Amma ranar da ta rufe, daga gwamna har ɗan dako abu guda suke nema kusa da su, wato kwanon amai.

Ta mahaifina ce ta rufe.

Baba mahauci ne a kasuwar Laranto. Gyambon ciki ya daɗe yana cin sa, yana kora kanwa yana cewa ba komai. Da gyambon ya warke sai ya bar tabo, tabon kuma ya tsuke ƙofar. In ya ci tuwo yau, gobe sai ya dawo da shi, kamar ajiya aka ba shi. Ya koma kunu, kunun ma tsararo. Mutumin da yake saɓa cinyar bijimi a kafaɗa ya ratsa kasuwa da ita, ya zama sai ya riƙe wando da hannu in zai miƙe.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, kowane ɗalibin likita ya san shi: a buɗe ciki, a ɗinke tumbi da hanji ta wani gefen, abinci ya samu sabuwar hanya. Ni likita ne, amma na ɓangaren hoto, mu da muke leƙa cikin mutum ba tare da mun taɓa shi ba. Na zaunar da Baba a zaurenmu na Anguwan Rogo na zana masa yadda aikin yake. Ya duba zanen, ya gyara mini inda na karkatar da hanjin, sannan ya ce:

"Likita, tun ba ni da gemu nake buɗe ciki. Ban taɓa ganin wanda na buɗe ya tashi ya tafi gida ba."

"Baba, ai wannan daban ne."

"Da wuƙa ake yi ko ba da wuƙa ba?"

"Da wuƙa."

"To ka nemo wanda ba wuƙa, sai mu yi magana."

Shi da ba'a ya faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske, wanda shi ne babban ciwon 'yan boko. Na taɓa gani a wata mujallar likitoci, irin waɗanda suke isowa ɗakin karatun asibitinmu bayan sun tsufa, cewa a wata cibiya a gabashin Jamus ana gwada haɗa tumbi da hanji ba tare da an tsaga ciki ba, ana kallo a allon hoto. A kan dabbobi ake gwajin tukuna. Kalmar dabbobi ban tsaya a kanta ba, don ɗan mahauci ba ya tsoron dabba. Na yi ta damun su da saƙo daga shagon intanet har suka gaji suka ce in zo in yi wasu watanni. A shekarun nan ne wayar hannu ta fara shiga unguwarmu, kuma ƙanwata Bilki ce kaɗai mai ita a gidanmu.

Abin da Jamus ta fara yi mini shi ne ƙwace kilishina. Baba ne ya yi shi da hannunsa, shi da ko ɗanɗanawa ba ya iyawa. Jami'in filin jirgi ya ɗaga shi da safar hannu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya jefa a wata durom, ya yi mini fatan alheri. Na biyu kuma, ta nuna mini matsayina a kan sanyi. Mu mutanen Jos muna taƙama da sanyi. In Bakano ya ce ana ɗari, murmushi muke yi irin na wanda ya san abin da ake ciki. Ina fita daga tashar jirgin ƙasa ta garin, iska ta bi ta cikin rigar sanyin da na saya a gwanjo, ta gaishe da ƙasusuwana ɗaya bayan ɗaya, na gane ashe wasan yara muke yi a gida.

Wani mai haɗa takardun tafiya a Legas ya rantse mini cewa ya kama mini ɗaki wurin wani ɗan ƙasarmu, har ya ba ni adireshi. Na nemi titin na samu, na nemi lambar na samu. Shagon sayar da tayoyi ne. Mai shagon ya karanta sunan ɗan ƙasar tamu, ya girgiza kai, ya kira matarsa ita ma ta girgiza nata. Suka ba ni kofi mai ɗaci na sha a tsaye tsakanin tayoyi, na gode musu da Turancin da ba sa ji, na jawo jakata na koma titi.

Na tsaya a wurin jiran tarago mai bin tsakiyar gari, da niyyar in koma tasha in zauna inda akwai ɗumi. Taragon ya zo ya tsaya a gabana. Na jira a buɗe ƙofa, ba a buɗe ba, ya tafi. Na biyu ma haka. Da na uku ya tsaya, sai na ji bakina ya ce da ƙarfi:

"Yau na ga ikon Allah. Mota ta tsaya ta ƙi buɗe ƙofa."

Sai wata murya a bayana ta ce, "Sai ka danna shi, oga. A nan ba kwandasta."

Hannu ya wuce ta kafaɗata ya danna wani maɓalli, ƙofa ta buɗe. Na juya na ga wani gajeren mutum ƙaƙƙarfa cikin hular ulu, yana dariya. Hausarsa tun kafin ya ƙara kalma na san ta garinmu ce. Ya ce sunansa Gyang, yana karatun injinan haƙar ma'adinai, yana kuma aiki a gidan kula da tsofaffi.

"Ina a Jos?" ya ce.

"Anguwan Rogo."

Ya daina dariya. "Ni Kabong."

Tun rikicin addinin da ya faru a garin ban sake taka Kabong ba, shi ma da yana gida ba zai bi ta layinmu ba ko da rana tsaka. Muka tsaya muna kallon juna, tarago yana kaɗa mu. Sai ya sunkuya ya ɗauki jakata.

"Mu je gida. Ɗakin ƙarami ne, amma hita mai ɗumama ɗaki yana aiki. Mutanen nan sha ba su san wane ne Kabong wane ne Rogo ba, duk kallo ɗaya suke mana."

A kan doguwar kujerarsa na yi duk zamana na Jamus.

Cibiyar tana bayan gari, inda layin tarago ya ƙare. Shugaban aikin wani dogon farfesa ne wanda yake magana kamar ana cajin sa a kan kowace kalma. Ya miƙa mini hannu, ya miƙa ni ga wata dattijuwa mai suna Renate wadda take kula da dabbobin, ita kuma ta miƙa mini takalmin roba. Muka bi wani dogon lungu. Tun kafin ta buɗe ƙofar ƙarshe hancina ya ba ni labari, na ƙi yarda da shi. Ta buɗe. Ga su nan jere, jajaye-jajaye, tsaf da su, suna kallo na da ƙananan idanu kamar masu jiran in gabatar da kaina.

Da na sake ganin Farfesa na tambaye shi cikin ladabi ko ba a iya gwajin a kan tumaki. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka ce mahaifinka mahauci ne. Ɗaki nawa ne a tumbin rago?"

"Huɗu."

"Na mutum fa?"

Duk tumbin da na wanke a mahauta ina yaro bai amfane ni da komai ba, don a cikin dabbobin gida alade ne mai tumbi guda da ya fi kama da namu. Ban ji daɗin wannan zumuncin ba, amma ba ni na tsara shi ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne karatun zaure. Malaminmu ya taɓa biya mana cewa a mazhabarmu duk abin da yake da rai mai tsarki ne, har kare, har alade. Cin sa ne haramun, mushensa kuma najasa. A lokacin mun yi dariya, don ba mu ga ranar da wannan babin zai yi mana amfani ba. Ga ranar ta zo. Muddin aladen yana numfashi, ina iya taɓa shi in wanke hannu in yi salla. Saboda haka a duk cibiyar nan ni kaɗai ne nake da dalili biyu na son dabbobin su rayu, ɗaya na likitanci, ɗaya na fiƙihu.

Gyang kuwa da na gaya masa, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Malam! Kai da alade? Ka bar Kabong a bayan gidanku, inda mamana yana da su guda nawa, ka hau jirgi ka zo Jamus ka ga alade? Da ka faɗa mini da na ba ka adireshi na gaske."

"Naku ba su da injin hoto."

"Za mu saya musu."

Washegari ya dawo da sabuwar tukunya da sabon cokali, ya ɗaura musu jan zare. Ya ce wannan tukunyan Malam ne, naman da yake ci ba zai taɓa shiga ciki ba. Bai sake ta da maganar ba, bai kuma taɓa kuskurewa ba. A cikinta yake dafa mana gwate da tsakin masara da alayyafon kanti, mu ci muna zagin dankalin Jamus, muna cewa bai kama ƙafar na Filato ba, ko da yake tsakani da Allah bambancin ba shi da yawa.

A saƙon da aka gayyace ni da shi an ce zan koyi aikin da hannuna. Abin da ba a faɗa ba shi ne akwai likitoci 'yan ƙasa a gabana, kuma aladun a ƙidaye suke. Aikina shi ne in taka fedar injin hoto in an ce taka, in riƙe ƙafar dabba in an juya ta, in wanke garke. Farfesa ya ce kowa daga nan ya fara. Daga baya na lura cewa kowan da yake nufi shi ne wanda ya zo daga nesa.

Amma na gani, kuma abin da na gani ya isa ya hana mutum komawa gida. Za a sa alade barci. A zura wata siririyar waya ta bakinsa, ana bin ta a allo, ta ratsa tumbi, ta wuce 'yar ƙofar nan, ta shiga ƙaramin hanji. A kan wayar sai a tura maganaɗisu mai kamar babban maɓallin riga har ya zauna a hanjin. Sai a sauke na biyu a cikin tumbi. A allo za ka ga baƙaƙen ɗigo biyu suna matsowa, suna jinkiri kamar masu kunyar juna, sai farat ɗaya su manne, bangon tumbi da na hanji a matse a tsakaninsu. Shi ke nan, a tashi dabba. A kwanakin da ke biye naman da aka matse zai mutu, gefensa ya warke a haɗe, maganaɗisun su faɗa cikin hanji su fita da kashi, su bar sabuwar ƙofa. Daga baya a sa mata ɗan bututun raga don kada ta rufe. Ba wuƙa, ba ɗinki, ba ɗigon jini a fata. Ranar da na fara gani, a ƙarƙashin rigar darma mai nauyin buhu da muke sawa don kariya daga hasken injin hoto, na ce a raina, Baba, na samo.

To, maganaɗisun da suka fita da kashi, dole wani ya nemo su, don da su ake tabbatar da ƙofa ta buɗe. Ba sai na faɗi wanda aka ba wannan muƙamin ba. Renate ta ba ni cebur na ƙarfe, ta nuna mini da hannu cewa in ina juyawa zan ji sun kama shi da kansu. Haka likitan da aka yi wa walima a Anguwan Rogo ranar da ya gama jami'a ya wayi gari yana tona kashin alade yana kasa kunne. A gida dai na ce musu muna aiki da dabbobi, ban tsawaita ba.

Azumi ya same ni a can. Shi ne alheri guda da yanayin ƙasar ya yi mini, don rana ba ta daɗewa, kafin ka gama jin yunwa ta faɗi. Aladun da za a yi wa aiki su ma ana hana su abinci, sai mu yini tare, ni ina haƙuri, su suna ihu. Renate ta lura ina salla a ɗakin ajiyar kaya a kan kwali. Ba ta ce komai ba, don ba mu da harshen da za mu ce komai da shi. Wata safiya na tarar an share wani lungu, an shimfiɗa sabon bargo, an kuma rubuta wani abu da Jamusanci a ƙofa. Gyang ya fassara mini: kada a shigo da takalmi.

Ranar Lahadi nake sayen katin waya in kira Bilki, ta kai wa Inna.

"Inna, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Kai dai ka yi abin da ya kai ka."

"Yana riƙe kunun?"

"Ana nan ana godiya. Akwai sanyi can?"

"A ba shi mu gaisa mana."

"Ka san halinsa, ba ya magana da wanda ba ya gani."

Daga nan sai katin ya ƙare. In fito daga rumfar wayar ban san komai ba, sai abin da na sani a matsayin likita, wato cewa mai irin ciwon Baba kullum raguwa yake yi. Kowane mako sai in zana shi a raina ya fi na makon jiya ƙashi. In na ga tsoho a tarago wuyansa yana yawo a cikin kwala, sai in kau da kai.

Ana cikin haka aladu biyu suka mutu. A ɗayan, wani lanƙwason babban hanji ne ya shiga tsakanin maganaɗisun ba a lura ba, aka huda inda bai kamata ba. Ni na taya aka buɗe gawar, na kuma yi wankan da ban taɓa yin irinsa ba. Aka ce saura dabbobi kaɗan a wannan zagayen, kuma manyan hannu ne za su yi su. Lokacina ya kusa ƙarewa, ban ko riƙe wayar ba.

Na gaya wa Gyang ina tunanin rubuta wa Farfesa takardar koke. Ya ajiye cokali.

"Takarda? Oga Dokta, babanka yana shan kunu kai kana rubuta takarda? Ka je ka tsaya a gabansa. Kar ka cire but ɗin ma, ya ji warin aikin da kake masa."

Haka na yi. Na shiga ofishinsa da takalmin garke na tsaya a kan kafet. Na gaya masa ban zo Jamus don in ƙara layi a takardun neman aiki ba. Na ba shi labarin mahaucin da ya ƙi wuƙa, da kunu, da wandon da ake riƙewa da hannu. Na ce ba zan koma Jos in ce wa mutumin nan na kalli wasu suna yi ba.

Ya daɗe yana kallon takalmina. Sannan ya yi maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga bakinsa tsawo. Ya ce in sani har yanzu ba a ba su izinin taɓa mutum ba. Ya ce in wannan zagayen ya ƙare lafiya zai nemi izinin gwadawa a kan marasa lafiya kaɗan, kuma likitan da ya yi da hannunsa ne kawai zai iya kawo nasa majiyyacin. Ya ce akwai alade guda a garken ƙarshe.

"In ya mutu, ba ni da wani. Kai ma ba ka da wani."

Lamba ce a kunnen aladen, amma Gyang ya raɗa masa suna Ciyaman, wai don ci kawai yake yi ana masa hidima.

Ranar aikin, wayar ta ƙi ni. Sai ta shiga tumbi ta naɗe kamar macijin da ya samu inuwa. In janye, in sake turawa, ta sake naɗewa. Gumi yana bin bayana a ƙarƙashin darma, ɗaya daga cikin likitocin nan yana duba agogon bango yadda zan gani. Da ƙyar ta sami ƙofar ta wuce. Na tura maganaɗisu na farko ya zauna. Na sauke na biyu. Suka fara matsowa. Sai na ga wata inuwa mai haske-haske a tsakaninsu, irin ta iskar da ke cikin babban hanji. Na janye na tumbin baya.

"Lokaci," in ji Farfesa. Dabba ba ta son dogon barci.

Na ce a karkata teburin. Aka karkata, inuwar ta ɗan gusa ta dawo. Na ce a juya shi kan haƙarƙarinsa na hagu. Renate ta juya shi, na kama hannunta na ɗora inda nake so ta danna. Ta danna. Na taka feda da kaina, don ƙafata ta fi ta kowa sanin ta. Inuwar ta zame a hankali kamar gajimare, ta bar fili. Na saki. Ɗigo biyun suka yi tsalle suka manne. A allo ba a jin ƙara, amma ni na ji ta a haƙorana.

Ba wanda ya tafa. Farfesa ya cire safar hannu ya ce sai mu ga ko zai ci abinci.

Ciyaman ya farka ya ƙi ci. Ya kwanta ya juya mini baya. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, kwanon yana nan yadda aka ajiye shi. Ina auna zafin jikinsa, ina taɓa cikinsa in ji ko ya yi tauri, ina zama a kan bokiti a bakin garken ina kallon haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka. Ban san hukuncin yi wa alade addu'a ba, ban kuma tambayi kowa ba. Gyang kullum in na shigo sai ya ce, "Ya jikin Ciyaman? Ya karɓi baƙi yau?" In na girgiza kai sai ya zuba mini gwate ya bar zolayar, abin da ba halinsa ba ne.

Wata safiya na shiga na tarar da kwanon a kife, an lashe shi tas, Ciyaman yana tsaye yana ƙoƙarin cin igiyar ƙofa. Bayan wasu kwanaki ina juya cebur sai na ji ƙwas. Na ɗago, ga su manne a bakin ƙarfen, su biyu, cikin abin da ba sai na siffanta ba. Na tsaya riƙe da cebur ina kallon su kamar an miƙo mini jariri. Da aka ba shi farin ruwan da ke fitowa a hoto, muka ga ya cika tumbi, ya sami sabuwar ƙofar, ya zuba cikin hanji sumul, ba ɗigon da ya yoyo. Ni na sa bututun ragar. Farfesa ya ce, "Da kyau." Renate ta nuna mini da yatsun hannu ɗaya sau nawa ta ji ya faɗi haka a tsawon zamanta a wurin.

Ƙarshen kowane aladen gwaji guda ne, sai an kashe shi an ciro ƙofar an duba ta a ƙarƙashin madubi. Ranar Ciyaman na nemi hutu, aka ba ni ba tambaya.

Farfesa ya haɗa mini akwati: maganaɗisu biyu sababbi, da wayoyi, da hotunan aikina, don in nuna wa manyan asibitinmu. Ya ce zai sa sunan majiyyacina a cikin waɗanda zai nema wa izini, ni kuma in riƙe shi da rai har amsa ta zo, ko da ruwan jijiya ne. Na ce zan riƙe shi. Gyang ya raka ni tasha, ya danƙa mini ƙunshin saƙo zuwa ga mahaifiyarsa.

"Za ka iya shiga Kabong, Malam?"

"Mutumin da ya yi wata da watanni a garke? Ka ce mata ta tanadi cebur."

Ya rungume ni har hularsa ta faɗi.

A hanya, daga jirgi zuwa mota, daga mota zuwa bayan ɗan acaɓa, jawabi nake shiryawa. Na san yadda zan buɗe akwatin, yadda zan ɗora maganaɗisu ɗaya a tafin Baba ɗaya a bayan hannunsa ya ji yadda suke kama juna. Na kuma shirya fuskar da zan yi in na ga yadda ya koma, don kada ya karanta tsoro a idona.

Da hantsi na isa. Na yi sallama a zaure. Wani mutum ne zaune a kan buzun Baba, da kumatu, da wuya cike da kwala, gabansa malmalar tuwon shinkafa da miyar taushe, yana fama da ƙashin bijimi da hannu biyu.

"Likita! Lale. Wanke hannu ka zo, ka rame."

Na tsaya da akwati a hannu. Inna ta leƙo daga cikin gida, Bilki tana bayanta tana toshe baki da mayafi.

"Baba, me ya faru?"

Ya ajiye ƙashin, ya lashe yatsa, ya ɗaga rigarsa. Tabo ne miƙaƙƙe daga ƙasan ƙirji har cibiya, da sawun zare a gefe da gefe, ya daɗe da warkewa.

"Duba nan. Wani Bayarabe ne, Dokta Bayo. Hannunsa ba ya rawa. Da a Laranto yake da na ba shi rumfa."

Inna ce ta ba da labarin. Baba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, abokan sana'arsa suka sa shi a mota, da aka isa asibiti ba ya cikin halin da za a nemi ra'ayinsa, ƙaninsa ya sa hannu. Da ya farfaɗo ya ga abin da aka yi masa, sai da ya kwana biyu ba ya kula kowa. A na uku aka ba shi fate, ya zauna, bai dawo ba. Sai ya tara su ya ce duk wanda ya gaya wa yaron nan bai yafe ba.

"Amma Baba, don me? Kullum ina kira!"

"Kai da ka tafi karatu? Ka taɓa ganin an kira mutum daga makaranta don an ci tuwo a gida? Matafiyi ba a ɗora masa labarin gida, sai ya sauke kayansa." Ya nuna akwatin da haɓa. "Wannan tsarabar ce?"

Na zauna a bakin tabarma. Na tambayi Bilki yaushe aka yi aikin. Ta ɗan yi tunani, ta ce ai ba a daɗe da tafiyata ba, don ranar da na fara kira ina ba su labarin an ƙwace kilishi, daga asibiti suka amsa.